Tabon shayi a kan kantar kicin ɗin motar zama, da me ake cire shi?

Baban Zainab:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar zama ce, irin mai gado da ɗan kicin a ciki. Kantar da ke gefen wurin wanke-wanke fara ce, ga alama fomika. Kofin shayi ya kwana a kai, gindinsa ya bar zobe mai ruwan ƙasa, ga kuma wani tabon inda jakar ganyen shayi ta bushe. Sabulun wanke-wanke ya rage shi amma bai fita ba. Bilic zan sa, ko akwai abin da ya fi shi sauƙi? Ba na son in kashe ƙyallin kantar.

Kafinta:

Wa'alaikumus salam. Malam, ajiye bilic tukuna, shi ne na ƙarshe. Abin da ke rina kantar wani sinadari ne da ke cikin ganyen shayi mai suna tanin, irin wanda ake jeme fata da shi. Ba ya ratsa lafiyayyiyar fomika, sai dai ya maƙale a ƙananan karce da ramukan da ido ba ya gani. Shi ya sa tsohuwar kanta ta fi sabuwa kama tabo, kuma shi ya sa dirza ke ƙara ɓata lamarin: kana dirzawa kana buɗe wa shayin gobe sabbin wuraren zama. Fomikar motocin nan siririya ce ƙwarai, an manna ta a kan falanki mara nauyi don kada a ƙara wa mota kaya. Fatar sama mai ƙyallin in ta tafi, ta tafi ke nan.

Fara da wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, don maiƙon madara ya fita, in ba haka ba duk abin da ka sa a kan maiƙon zai tsaya. Sai ka dama bekin soda cokali 3 da ruwa cokali 1, ya yi kauri kamar man goge baki. Bekin soda nake nufi, ba hodar yin kek ba. Shafa shi ya rufe tabon, ka bar shi minti 5 zuwa 10, sannan ka kwashe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi. Kwashewa na ce, ba gogewa da ƙarfi ba, domin garin yana da ɗan kaushi kuma yana iya dusashe kanta mai sheƙi ko mai duhun launi. Ɗauraye, ka tsane. Maimaitawa sau biyu ya fi dannawa sau ɗaya.

In ya rage inuwa, sai haidirojin na wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Jiƙa tishu da shi daidai girman tabon, ɗora a kai, ka rufe da leda don kada ya bushe. Duba bayan minti 10, kada ya wuce rabin awa. Amma fara gwadawa a wani lungu da ba a gani. Kuma in kwalbar ta daɗe a buɗe, ƙarfinta ya riga ya tafi, ka nemi sabuwa.

Maman Ilham:

Bayanin Malam Kafinta ya yi, sai dai akwai abu ɗaya da ya tsallake. Shafa yatsa a kan zoben. In ka ji gautsi-gautsi, to ba launi kaɗai ba ne, ruwan da aka dafa shayin mai gishirin ƙasa ne, allin cikinsa ya haɗu da tanin ya daskare. Soda ba ta narka wannan, abu mai tsami ke narka shi. Haɗa khal da ruwa rabi da rabi, ko ruwan lemon tsami, ka bar shi minti 5 ka goge. Kada ka haɗa khal da soda wuri guda. Kumfar nan da mutane ke jin daɗin gani ba aikin komai take ba, kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa ne.

Maganar bilic kuwa, ni ban ɗauke shi dodo ba a kan farar fomika. Kashi 1 a ruwa kashi 10, a dangwala da auduga a kan tabon kawai, minti 1 ko 2, a ɗauraye sosai. Matsalar masu zuba shi tsagwaronsa ne su tafi su bar shi, su dawo su tarar da farin tabo wanda ya fi na shayin muni.

Injiniya:

Hajiya, na yarda da ma'auninki, amma a tuna cikin mota ake, ba kicin ɗin gida ba. Wuri ne matsattse. A buɗe ƙofa da tagar rufi kafin a buɗe kwalba. Kuma wanda ya riga ya sa khal ko lemon tsami ya ɗauraye wurin tas kafin bilic ya taɓa shi, don haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. In kuma ya haɗu da maganin goge gilashi mai amoniya, wata iskar mai guba ce ke fita. Kada kuma a bar shi ya kwanta a kan sinki na ƙarfe, yana yi masa ƙananan ramuka.

Abin da ya fi lalata kantocin nan ma ba tabo ba ne, ruwa ne. Inda fomika ta haɗu da bakin sinki ko murhu, da siririn abin da aka lulluɓe gefen kantar da shi, nan ruwa ke silalewa ya shiga falankin, ya kumbura, fomikar ta ɗago. Wannan ba shi da magani sai canji. Don haka a matse ƙyalle sosai, kada a kwarara ruwa, kuma in silikon ɗin bakin sinkin ya tsage a sabunta shi.

Soson ƙarfe, koren soso mai kaushi da hodar dirza tukunya duk a nisanta su. Farin soson nan na melamin da ake cewa yana goge komai, shi ma sanfefa ne mai tsananin laushi: zai cire tabon, amma in haske ya bugi wurin daga gefe za ka ga inda ya dushe. Tinar sirka fenti da man goge jan farce suna narka robar da ke kewaye, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata tagar motar zama, tunda yawancin tagoginsu roba ne ba gilashi ba.

Sannan ka duba launin da kyau. In zoben fari-fari ne ko ya yi ƙuraje, zafi ne ya ƙona wurin, babu abin da zai wanke shi.

Baban Zainab:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To ta yaya zan tabbatar fomika ce? Wani ya ce mini akwai kantar da ake iya gogewa da sanfefa.

Kafinta:

Akwai. Leƙa ƙarƙashin kantar ta cikin kabad, ka dubi inda aka yanka wa sinki rami. In ka ga siririyar fata a sama da katako hawa-hawa a ƙasa, fomika ce, sanfefa ba za ta taɓa ta ba. In kuwa launin ɗaya ne daga sama har ƙasa, babu hawa, irin su Corian ke nan. Wannan ana iya bin ta da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 600 zuwa 1000, a zagaye-zagaye, a faɗaɗa gugar ta wuce tabon don kada wurin ya fita daban. Ko ita ma ka fara da soda, da wuya tabon shayi ya kai ka ga sanfefa. In kuma katako ne zalla da aka shafa wa mai, manta da bilic da tishun haidirojin, sai a goge wurin da sanfefa mai lamba 240 ana bin jijiyar katakon, a share ƙurar, a sake shafa mai.