Yadda ake auna ɗan wasan besbol da OPS+

Mun daɗe muna gardama a kan Todd Helton, wanda ya yi wa ƙungiyar besbol ta Colorado Rockies a Amurka wasa daga 1997 zuwa 2013. Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka fi ni sanin wasan.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a ruɗu da matsakaicin bugunsa na .316, wato bugu 316 masu nasara a cikin kowace dama 1,000. Filin Coors Field da ke Denver, gidan Rockies, yana kan tudu, kusan mita 1,600, iska ba kauri, ƙwallo sai ta yi ta tafiya. Shi ya sa aka ce a duba OPS+. Ana haɗa yawan isar mutum tushe (wuraren da mai bugu ke gudu ya tsaya) da ƙarfin bugunsa, sannan a cire tasirin fili da na zamani. Maki 100 ne tsaka-tsaki. Helton na da 133, shahararren ɗan wasa Babe Ruth kuwa 206. Gwani ne, amma ba sa'an Ruth ba.

Wani dattijo ya ja kunne a kan tsufa, kuma ni ma na yarda da shi. Albert Pujols ya yi shekarunsa 11 na farko a ƙungiyar St. Louis da maki 170, amma shekarun baya suka ja shi zuwa 145. Don haka a ware lokacin ganiyar mutum a duba shi daban, a kuma ƙirga sau nawa ya riƙi sanda.

OPS+ ba ruwansa da gudu ko tsaron fili, sai a leƙa WAR, ma'aunin da ke haɗa bugu da gudu da tsaro don ƙiyasta nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa. An dai saka Helton a zauren gwanaye na Cooperstown a 2024.