Idan miji ya riƙe katin ATM ɗinki

Wasu mata sun tattauna batun mijin da ke danne wa matarsa kuɗi, kuma sun fi nanata gane alamun da wuri: ya karɓe katin ATM ɗinki, albashi na shiga ya kwashe, ya ci bashi da sunanki, ko ya hana ki sana'a, kuɗin cefane kuma sai kin roƙa. Wannan zalunci ne. A Musulunci sadakinki da guminki naki ne, ciyarwa kuma wajibinsa ce.

Shawarar da ta fi ratsa ni: ki canza lambar sirri, ki zuba adashi wurin 'yar'uwa amintacciya, takardunki su koma gidan iyayenki. In magabata sun kasa, dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta haramta wannan zalunci a Abuja da jihohin da suka karɓe ta, lauyoyin FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata) kuma suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.