Maƙoƙo da maganin gargajiya: me ke aiki, me ke ɓata lokaci?

Maman Sadiq: Jama'a, masu aikin lafiya da ke nan, me kuke gani ga masu maƙoƙo da suka fara da habbatus sauda ko zogale?

Nas Rabi: Hajiya, matsalar farko ita ce kumburin wuya ba iri ɗaya ba ne. Wani ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, wani tayirod ɗin ce (halittar da ke gaban wuya mai sarrafa ƙarfin jiki) ta yi sanyi, wani kuwa ta yi gudu fiye da kima: rama, faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan zufa. Mai irin wannan idan aka ɗura masa abu mai aidin da yawa, ciwon ƙaruwa yake. Sai an auna TSH da T4, sinadaran jini masu nuna aikin tayirod, kafin a san inda aka dosa. Tsaga ko sakiya a wuya kuwa tabo kawai suke bari, wani lokaci har da ruwan ciwo.

Malam Habu mai kemis: Habbatus sauda an gwada ta a Iran, aka buga sakamakon a 2016: mutum 40 masu cutar Hashimoto (mai sa tayirod yin sanyi), giram 2 na garinta kullum, mako 8. TSH ta sauka, alamar sauƙi ke nan. Amma mutum 40 ba yawa ba ne, kuma ba su ajiye maganin asibiti ba. Zogale kuwa a kan ɓeraye aka fi gwada shi. Ku ci shi a kwaɗo, kada ku kira shi maganin maƙoƙo.

Inda aka fi yin ɓarna wajen shan levothyroxine ne, maganin asibiti na tayirod mai sanyi. A sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na kalsiyom a ba su tazarar awa 4. Awara da madarar waken suya ma suna rage shigarsa jiki. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake awo.

Anti Binta: Malam, ka bar kicin a baya. Babba na buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki 250. A sayi gishirin leda mai tambarin aidin, a rufe shi, a nisanta shi da rana da danshi. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ya tsimu ba yana hana tayirod ɗaukar aidin. Gero ma an danganta shi da maƙoƙo a Darfur, inda aidin ya yi ƙaranci.

Nas Rabi: Idan kumburin ya yi tauri, murya ta dushe, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi a ɗauki hoton wuya a makon nan.