Kunun aya da saurin tsami a rumfar tsire

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. A rumfar mai tsire ranar kasuwa, me ke sa kunun aya tsami kafin la'asar, zoɓo kuwa ya kai dare?

Mai Kunu: Wa alaikumus salam, ɗana. Zoɓo tafasasshe ne, kunun aya ɗanye. A jiƙa mudu 1 ya kwana, a sauya ruwa sau 2, a markaɗa da dabino da citta, a tace a ƙyalle mai tsabta. Sai cikin ƙanƙara nan take. Kwakwa akwai daɗi, amma ita ke fara ɓata shi.

Mahauci: Haka ne, Hajiya. Tsiren ma garwashi yake so. Harshen wuta ƙona ƙuli-ƙulin yake, ya bar naman ɗanye.