Girinhaus: gidan gilashi ko bargon iska?

Jama'a, ina shirya darasin tarihin kimiyyar yanayi da Hausa, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: girinhaus, wato yadda iskar da ta kewaye duniya ke riƙe zafi.

Wani ɗan'uwa ya ce in rubuta "tasirin gidan gilashi". Malam, ɗaliban nawa ne suka taɓa shiga ɗakin gilashin da Turawa ke rainon tsirrai a ciki? Ga shi kwatancen kansa gurgu ne. Ɗakin gilashi yana ɗumi ne don ya hana iska mai zafi ficewa, ita kuwa sama aikinta daban: tana shanye zafin da ƙasa ke fitarwa, ta maido da wani. Tun zamanin Joseph Fourier, Bafaranshen da ya fara lissafin yadda duniya ke riƙe zafi a 1824, gilashin ya maƙale wa maganar.

"Hayaƙi mai ɗumama yanayi" da ake ji a rediyo ma bai kwanta mini ba. Hayaƙi ana ganinsa, iskar kabon (carbon dioxide), ɗaya daga cikin masu riƙe zafin, ba a ganinta.

Ni dai na tsaya kan "bargon iska", kuma ba ni na fara ba. John Tyndall, wanda ya gwada a Landan a 1859 cewa tururin ruwa da iskar kabon suna shan zafi, da bakinsa ya kira tururin ruwa bargo. Kafin shi, a 1856, Eunice Foote ta Amurka ta ajiye kwalaben iska a rana, ta ga ta kabon ta fi zafi. Mu ma mun san abin a jikinmu: daren hunturu iska a bushe, zafin rana ya gudu, asuba sai makyarkyata, daren bazara da hadari ya haɗu bai zuba ba, sai gumi har safe.

Wata Hajiya ta ce mini ai bargo abin alheri ne. Haka ne, Hajiya, shi ya sa ya dace. Ba don shi ba, matsakaicin zafin duniya da ya sauka wajen digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Kaurinsa ne damuwar: da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, kabon kashi 315 ne cikin miliyan na iska, yanzu ya haura 420.

Roƙona ɗaya: b ce, ba ɓ ba, kada a mayar mini da shi ɓargon ƙashi.