Madubin hangen nesa a cikin Kano: in sayi babba ko in fita bayan gari?

Abban Hafsa:
Assalamu alaikum. A Hotoro nake zaune. Bayan ƙaramar sallah na sayi madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 70, saboda 'yata Hafsa ta dame ni da tambaya kan taurari. Ranar da muka saita shi kan wata, ta ga ramukan da ke jikinsa, sai da ta kira mahaifiyarta daga kicin. Amma dare uku ina neman tarin taurarin nan da ake kira Andromeda, manhajar Stellarium na nuna min ga inda take, ni kuwa ban ga komai ba sai sama jaja-jaja. Maƙwabcina yana da fitilar sola mai haske fari tas da ke kwana kunne, ga fitilun titi. Kuɗi zan tara in sayi babba, ko matsalar ba ta madubin ba ce?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Babban madubi yakan tara hasken tauraro, amma yana tarawa har da hasken garin. Andromeda haskenta a baje yake kamar hayaƙi, tazararta shekarar haske miliyan biyu da rabi, fitilar gari kaɗan ta ishe ta ɓacewa. Duniyoyi kuwa ba ruwansu da fitilun Kano. Nemi Mushtari, za ka ga watanninta huɗu a jere kamar ɗigon gishiri, waɗanda Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai naka ba. Ka sa Hafsa ta zana inda suke yau, gobe ta sake dubawa, za ta tarar sun sauya wuri. Zuhal ma zobenta na fitowa. Zara matar wata kuwa, wani lokaci rabi za ka gan ta, wani lokaci kamar jinjirin wata.

Sannan kada ka biye wa abin da aka rubuta a kwali, wai yana girmama abu sau 500. Iyakar naka wajen sau 140 ne, ninki biyu na faɗin bakinsa. Ka wuce nan, sai dishi-dishi.

Maman Sadiq, Damagaram:
Yaya, ka lura da lokaci ma. Da zarar hazo ya sauka a Disamba da Janairu, ƙura ke kama hasken gari ta watsa shi ko'ina. Mu nan mun fi jin daɗin Oktoba zuwa farkon Nuwamba, damina ta wanke sama. Ka bari sai duhun wata, ƙarshen watan Musulunci. Ka ajiye waya minti 20 zuwa 30 ido ya saba da duhu, in dole sai tocila, ɗaura mata jar leda. Kaza da 'ya'yanta da kakata ke nuna mana a tsakar gida, ko cikin gari suna fita tsaf a madubi.

Malam na Gwale:
Gaskiyarta. In kuma za ka fita, ƙauyen da aka san ka za ka je. Ka fara gaida mai unguwa, ka nuna wa 'yan sintiri kayan tun da rana. Dogon bututu kan ƙafa uku cikin dare, wanda bai sani ba zai ɗauka wani abu ne daban.

Abban Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Jiya na yi wa maƙwabcin nawa magana, ya yarda ya riƙa kashe fitilar awa ɗaya bayan isha'i, da sharaɗin yaransa ma su zo su leƙa. Andromeda kuma na bar ta sai mun je gidan surukaina a Rano ƙarshen Oktoba. Malam, wane ƙaramin madubin ido zan sa mata, mai milimita 10 ko mai milimita 25?

Malam na Gwale:
Mai 25. Andromeda tana da faɗi ƙwarai, fili take so, mai 25 kuwa ya fi nuna fili. Ka duba arewa wajen ƙarfe goma na dare, kuma ka ɗan kalle ta da gefen ido.