Abin da na tsinta a hirarmu kan Wes Moore

Jiya a majalisa mun daɗe muna tattauna Wes Moore, gwamnan jihar Maryland a Amurka, saboda wani ƙaninmu tsohon soja da yake son fitowa takara ya nemi shawara, shi ne na ce bari in taƙaita.

Mutumin nan kyaftin ne a soja, ya je Afganistan a 2005, ya dawo ya yi aikin banki a Citigroup, daga 2017 zuwa 2021 ya shugabanci Robin Hood, gidauniyar yaƙi da talauci a New York, sannan ya ci zaɓe a 2022, baƙar fata na farko da ya hau kujerar.

Wani dattijo ya ce, ɗana, kar ka fito daga bariki ka faɗa siyasa kai tsaye, fara zama da talakawa tukuna, don farar hula ba a ba su oda, lallashi ake. Wannan maganar ta shige ni wallahi.

Inda aka fi daɗewa shi ne gadar Baltimore, wani birni a jihar tasa, da jirgin ruwa ya buge ta rushe a Maris 2024 yana gwamna, ma'aikata shida suka rasu, aka ce ranar irin wannan ne horon soja yake amfani, ka fito da sassafe ka tsaya gaban jama'a ka faɗi gaskiya, ka je wajen iyalan mamatan, kuma zuwa Yuni an sake buɗe hanyar jiragen ruwa da rushewar gadar ta toshe.

Maganar banki kuwa gajeriya ce, ka iya karanta kasafin kuɗi da kanka, kar ka sa hannu a takardar da ba ka gane ba.